Waƙa, Wasa da Mulki: Daga Gidan Ofera Zuwa Dandalin Ƙauye

Gabatarwa

A shekarar 1951 hukuma ta hana a nuna wani wasan kwaikwayo a birnin Kano, aka kuma gurfanar da mai wasan, Hubert Ogunde, a gaban kotu, aka ci shi tara. Wasan ya ƙunshi labarin masu haƙar kwal 21 da 'yan sandan mulkin mallaka suka harbe a Inugu ranar 18 ga Nuwamba, 1949. Kayan aikin Ogunde ba su wuce 'yan wasa da ganguna da waƙoƙi ba. To, me zai sa gwamnatin da ke da soja da 'yan sanda da kurkuku ta ji tsoron waƙa?

Wannan ita ce tambayar da wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin amsawa. Za mu dubi irin wasan nan na Turai da ake kira ofera, mu kwatanta shi da kaɗe-kaɗe da wasanninmu na gargajiya waɗanda ɗaliban ƙasar Gumel suka tashi suna gani, sannan mu ji abin da binciken kimiyya ya gano game da tasirin waƙa a jikin ɗan Adam da tunaninsa.

Mene ne Ofera?

Ofera wasan kwaikwayo ne wanda ake rera maganganunsa maimakon a furta su, ana yi ƙungiyar makaɗa tana raka masu rerawa. Akwai manyan mawaƙa da ke fitowa a matsayin taurarin labari, akwai ayarin 'yan amshi da ke wakiltar jama'a, kamar sojoji ko manoma ko bayi, akwai kuma makaɗan da ke zaune a gaban dandamali. An ƙago shi a ƙasar Italiya a ƙarshen ƙarni na 16. Mafi daɗewa daga cikin waɗanda kiɗansu ya tsira har yau shi ne wanda Jacopo Peri ya shirya a birnin Filorans a 1600, domin bikin auren Sarkin Faransa Henri na Huɗu da wata 'yar gidan sarautar birnin.

Ke nan a fada aka haifi ofera, kuma sarakuna da manyan baƙinsu ne masu kallonsa na farko. Amma a 1637 aka buɗe wani gidan wasa a birnin Fenis inda duk mai kuɗin tikiti ke iya shiga. Daga nan ne al'amarin ya sauya, domin mai shirya wasa ya sami iyayen gida biyu: mai mulki da ke ba da izini, da 'yan kallo da ke biyan kuɗi.

Bahaushe ba shi da ofera irin ta Italiya, amma yana da duk sassan da aka haɗa ta da su. A ƙungiyar makaɗan baka akwai jagora, akwai 'yan amshi, akwai masu kiɗa, akwai kuma sanƙira mai ƙara wa magana gishiri. A wasanninmu na dandali kuwa akwai kwaikwayo da shiga ta musamman da waƙa. Saboda haka kwatancen bai yi nisa ba.

Kiɗan Fada

Masarautar Gumel, wadda Mangawa suka kafa wajen tsakiyar ƙarni na 18, ta daɗe tana ƙarƙashin inuwar Barno, ba ta kuma shiga cikin Daular Usmaniyya ba har zuwan Turawa a 1903. Duk da wannan bambanci na tarihi, wanda ya halarci hawan salla a Gumel zai ga abin da ake gani a sauran manyan fadojin Arewa: tambura da kakaki da algaita, hakimai bisa dawakai kowa da tawagarsa, maroƙa suna kirari, jama'a sun yi dafifi a gefen hanya.

Idan aka lura da kyau, wannan hawa darasi ne na siyasa da ake koyarwa ba da allo ba. Jerin gwanon yana nuna wa mai kallo wane ne gaba da wane. Kayan kiɗan ma suna da daraja hawa-hawa, domin ba kowane basarake ake kaɗa wa tambari ko a busa wa kakaki ba. Makaɗin fada kuma yana jero asalin sarki da yaƙe-yaƙen kakanninsa, ya kambama shi, ya yi zambo ga 'yan uwansa masu harin gadon sarauta. Abin da Ibrahim Narambaɗa ya yi wa Sarkin Gobir na Isa ke nan, da Salihu Jankiɗi ga Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, da Mamman Sarkin Taushi ga Sarkin Katsina Usman Nagogo. Yaron da ya tashi yana jin waɗannan waƙoƙi zai ɗauki tsarin sarauta a matsayin abin da aka gada kaka da kakanni, tun kafin ya san ma'anar kalmar siyasa.

Haka abin yake a Faransa zamanin Sarki Luwi na Goma Sha Huɗu. Makaɗinsa, Lully, yakan buɗe wasanninsa da wani sashe na yabon sarki kafin a shiga labari. Aikin farko na wasan waƙa, a Turai da ƙasar Hausa, shi ne ƙarfafa gadon mulki.

Wasa Mai Faɗa wa Sarki Gaskiya

Sai dai wuƙar nan baki biyu gare ta. A cikin fadar kanta akwai wasan gauta, inda matan gidan sarki kan yi shigar sarki da hakimansa su kwaikwayi zaman fada, har da tafiyar kowa da irin maganarsa. Mai mulki yakan ga aibinsa a wannan madubi ba tare da wani ya tsaya gabansa ya faɗa masa ba.

A ƙauyuka kuwa akwai kalankuwa, wadda samari da 'yan mata kan shirya da kaka bayan amfanin gona ya zo gida. A nan akan naɗa sarki da alƙali da dogarai, daga baya aka ƙara da gwamna da likita da ɗan sanda, a kafa gwamnatin wasa ta 'yan kwanaki, a yi shari'a, a ci tara. Wanda ya tsallaka iyaka ta Maigatari ya yi arewa zuwa Damagaram zai tarar da wasan kara, inda 'yan wasa kan yi shigar shugabannin ƙasar Nijar da ministocinsu, su riƙe kayan aiki da aka ƙera da karan dawa, su kwaikwaye su a bainar jama'a. Tashe ma, wanda ake farawa bayan azumi ya kwana 10, cike yake da hannunka-mai-sanda ga gwauro da mai rowa da boka mayaudari.

Hausawa na cewa da wasa ake faɗa wa wawa magana. Hikimar ita ce, wasa yana ba mai magana mafaka. Idan aka tuhume shi, sai ya ce ai wasa ne. Mai kallo kuma ya riga ya ga alƙali yana karɓar toshiyar baki a dandali, ya yi dariya tare da maƙwabtansa, kowa ya gane wanda ake nufi.

Masu mulki a Turai sun san wannan sarai, shi ya sa suka kafa jami'an tace wasanni. A 1851, lokacin da birnin Fenis ke hannun Ostiriya, makaɗi Giuseppe Verdi ya shirya wasan Rigoletto, wanda asalin labarinsa na wani fajirin sarkin Faransa ne. Jami'an suka ƙi yarda a nuna sarki a wannan hali, sai da aka mai da shi basaraken ƙaramin gari. A 1859 kuma aka tilasta masa ya ɗauke wani labari na kisan sarkin Suwidin ya kai shi birnin Boston na Amurka, aka mai da sarkin gwamna. A Tarayyar Sobiyat, Stalin ya kalli wata ofera ta Shostakovich a Janairun 1936, bai ji daɗinta ba. Bayan kwana 2 jaridar gwamnati ta yi mata kaca-kaca, aka daina nuna ta fiye da shekara 25.

Shin Waƙa Na Iya Tayar da Juyin Juya Hali?

Misalin da aka fi kawowa shi ne na birnin Burasal. A daren 25 ga Agusta, 1830, aka nuna wata ofera ta makaɗi Auber a babban gidan wasan birnin. Labarin wani masunci ne na birnin Nafoli da ya jagoranci talakawa suka yi wa mulkin Sifaniya bore a 1647. A lokacin, ƙasar Beljiyam tana ƙarƙashin Sarkin Holan. Kafin gari ya waye, jama'a sun cika tituna, an far wa gidajen jami'an gwamnati, kuma ranar 4 ga Oktoba aka ayyana 'yancin kan Beljiyam.

Wanda ya ji labarin haka a dunƙule zai ce waƙa ce ta kori sarki. Amma mai nazari sai ya ƙara tambaya. An fara nuna wannan wasa a Faris tun 1828, an kuma yi ta maimaita shi a birane da dama ba tare da an fasa ko taga ba. Abin da ya bambanta Burasal shi ne halin da ake ciki: abinci ya yi tsada, ma'aikata da yawa ba su da aiki, mutanen kudu na ƙorafin an danne su a muƙaman gwamnati da batun harshe, ga kuma labarin juyin da aka yi a Faris wata guda kafin nan. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Wasan ya tara masu fushi a wuri guda, a dare guda, ya ba su abin rerawa tare.

Labarin Verdi ma yana da irin wannan darasi. An daɗe ana cewa a 1842, da aka fara nuna wasansa Nabucco a birnin Milan, 'yan kallo sun ɗauki kukan Bani Isra'ila a bautar Babila a matsayin kukan Italiya a hannun Ostiriya, har suka sa aka maimaita waƙar. Da masanin nan Roger Parker ya koma ga jaridun wancan lokaci, sai ya tarar ba su tabbatar da haka ba. Daga baya ne, bayan gwagwarmayar haɗe kan Italiya ta yi ƙarfi, waƙar ta zama tamkar taken ƙasa. A wajen 1859 ne aka riƙa rubuta sunan Verdi a bangaye, domin haruffansa sun dace da farkon kalmomin da ke nufin Vittorio Emanuele Sarkin Italiya, wanda ya hau wannan matsayi a 1861. Wato jama'a su ne suka ɗora wa waƙar ma'anar da suke bukata.

Zamanin Jam'iyyu a Arewa

Yanzu sai mu dawo gida. Ogunde, wanda tsohon ɗan sanda ne, da kansa ya riƙa kiran wasanninsa na farko ofera, saboda rera su ake yi. Ya yi wasa a kan babban yajin aikin 1945, ya yi wanda aka hana a Kano, sannan a 1964 gwamnatin Jihar Yamma ta Akintola ta haramta wa ƙungiyarsa wasa saboda Yoruba Ronu, ba a ɗage haramcin ba sai 1966 bayan soja sun karɓi mulki.

A ƙasar Hausa ma an san wannan makami. Malam Aminu Kano, tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna da kuma lokacin da yake koyarwa a Midil ta Bauchi, ya riƙa shirya wasannin kwaikwayo masu suka ga zaluncin 'yan kasuwa da ma'aikatan En'e. Da aka kafa NEPU a Kano ranar 8 ga Agusta, 1950, NPC kuma ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, sai fagen ya koma na waƙa. Dalili kuwa a fili yake. Masu iya karatun boko kaɗan ne, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ba ta isa kowane ƙauye, rediyo kuma sai gidan wane da wane. Amma waƙa ba ta bukatar takarda. Wanda ya ji ta a kasuwa irin ta Maigatari ranar Alhamis, zai kai ta ƙauyensu kafin magariba.

Marubuta irin su Sa'adu Zungur da Mudi Sipikin da Gambo Hawaja sun tsara waƙoƙin da aka riƙa rerawa a tarurrukan masu neman sauyi. A ɗaya ɓangaren, makaɗan fada irin su Musa Ɗanƙwairo sun wasa Sardauna Ahmadu Bello da irin salon da suke wasa sarakuna da shi, wanda ya sa talaka ya riƙa kallon jam'iyyar gwamnati da idon da yake kallon sarauta. Wannan ɓangare na cewa sawaba, wancan na cewa salama. Wannan na da tauraro, wancan na da fartanya. Magoya bayan NEPU da dama sun sha ɗauri a kotunan alƙalai bisa tuhumar zagin sarakuna ko yin taro ba da izini ba, abin da ke nuna cewa hukuma ba ta ɗauki maganar dandali da wasa ba.

A zaɓen 1979, lokacin da Gumel ke cikin tsohuwar Jihar Kano, kaset ya riga ya shigo, waƙoƙin PRP da NPN suka cika tasha da kasuwa, PRP ta kuma ci kujerar gwamna da Abubakar Rimi. Gwamnatoci ma sun yi amfani da wasa don isar da nasu saƙon, tun daga majigin da aka riƙa zagayawa da shi ƙauyuka zamanin Yaƙi da Jahilci, har zuwa hukumar MAMSER ta 1987. A Nijar, gwamnatin Seyni Kountché ta raya ƙungiyoyin samariya da gasar wasannin matasa. A Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya kuwa, malamai da ɗalibai sun kai wasa ƙauyukan Soba a 1977 domin manoma su tattauna matsalolinsu da bakinsu. Bayan dawowar mulkin farar hula a 1999, fiyano da situdiyo suka maye gurbin kalangu a yawancin waƙoƙin siyasa, Jihar Kano ta kafa hukumar tace fina-finai a 2001, kuma a zaɓen 2015 waƙoƙin Dauda Kahutu Rarara sun yaɗu ta wayar hannu.

Abin da Kimiyya ta Gano

Masana halayyar ɗan Adam sun gano hanyoyi da dama da waƙa ke bi ta kama mutum. Ga huɗu daga ciki.

Ta farko ita ce riƙewa. Kari da amsa-amo suna taƙaita kalmomin da za su iya biyo baya, don haka ƙwaƙwalwa ba ta shan wahala wajen tuno baiti. Shi ya sa dattijo zai manta jawabin da ya ji bara, amma ya rera waƙar zaɓen 1959.

Ta biyu ita ce gaskatawa. A 1977 wasu masana 3, Hasher da Goldstein da Toppino, sun nuna cewa mutane sun fi gaskata maganar da aka maimaita musu, ko da ƙarya ce. A 2000 kuma McGlone da Tofighbakhsh suka nuna cewa magana mai amsa-amo ta fi kama da gaskiya a kunnen mai sauraro, a kan wadda ke da ma'ana iri ɗaya amma ba amsa-amo. Amshin waƙa ya haɗa duka biyun.

Ta uku ita ce haɗuwar jiki. A 2013 masu bincike a Jami'ar Gotenbag ta Suwidin, ƙarƙashin Björn Vickhoff, sun auna bugun zuciyar matasa masu rera waƙa tare, suka ga yana hawa da sauka lokaci guda. Dalili shi ne bugun zuciya na ƙaruwa kaɗan yayin shaƙar iska, ya ragu yayin fitar da ita, masu waƙa ɗaya kuwa tare suke numfashi. Wani gwaji da Wiltermuth da Heath suka yi a Jami'ar Stanford a 2009 ya nuna cewa waɗanda suka yi waƙa ko tafiya da taki ɗaya sun fi ba juna haɗin kai daga baya.

Ta huɗu ita ce sanin cewa kowa ya sani. Mutum na iya jin haushin haraji shekara da shekaru yana zaton shi kaɗai ne. Ranar da ya ji dandali duka ya amsa baitin da ya taɓo harajin, ya san ba shi kaɗai ba ne, ya kuma san sauran sun san haka. Tsoro yakan ragu a wannan lokaci. Wannan ne abin da hukuma ta guda a Kano a 1951.

Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa waƙa da wasa ba kasafai suke ƙirƙiro ra'ayi daga babu ba. Abin da suka ƙware a kai shi ne tattara abin da ke zukatan mutane, su ba shi lafazi mai daɗin riƙewa, su sa masu shi su ga juna. Wannan ƙarfi ba ya zaɓen mai gaskiya. Ya yi wa masu neman 'yanci aiki, ya kuma yi wa Hitila aiki lokacin da ya rungumi wasannin Wagner don ɗaukaka aƙidarsa ta fifikon jinsi. Yawancin ɗaliban da ke karanta wannan maƙala za su kai shekara 18 su jefa ƙuri'a nan ba da daɗewa ba. Ya kamata duk lokacin da waƙar siyasa ta yi musu daɗi su tambayi kansu: wa ya biya mawaƙin, tunda kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski? Idan aka cire kiɗan aka rubuta maganar a takarda, me ya rage a cikinta? Wa aka zaga, kuma da wace hujja?

Aikin Aji

1. Kawo kamanci 3 da bambanci 2 tsakanin ofera da ƙungiyar makaɗan fada.

2. Bayyana dalilin da ya sa wasan Auber ya haddasa bore a Burasal a 1830, amma bai haddasa a Faris a 1828 ba.

3. Ɗalibai su kasu rukuni-rukuni, su tattauna da dattawa a Gumel ko Maigatari ko Gagarawa ko Sule Tankarkar game da wasannin kaka na zamaninsu: waɗanne muƙamai ake naɗawa, wa ake kwaikwaya, kuma yaya masu mulki ke ɗaukar abin?

4. Malami ya zaɓi waƙoƙin siyasa 2 na jam'iyyu mabambanta, ɗalibai su ware yabo da zambo da alƙawari da hujja a cikin kowace, su ƙirga wanne ya fi yawa.